Kafin Ka Ce Iyafis Ɗinka Jabu Ne: Abin da Muka Gano Kan Manhajar Gyaran Sauti da Manhajojin Jin Waƙa

Rubutun wannan mako daga majalisarmu ta unguwar Kusugu ya fito, kuma a kan wata 'yar matsala ne da take cin kuɗin jama'a ba gaira ba dalili. Mutum zai sauke manhajar gyaran sauti a wayarsa, ya kunna waƙa a wata manhaja ya ji sauti ya zauna daram, ya koma wata manhajar ya ji babu abin da ya canza. Sai ya yanke hukunci iyafis ɗin jabu ne, ya koma kasuwa ya sayo wani. Wani kuma wayar yake ɗora wa laifi. Mun daɗe muna ganin haka, domin a cikinmu akwai mai gyaran waya, akwai mai turin waƙa a memori, akwai kuma mai kai lasifika gidajen biki. Shi ya sa muka ce bari mu tattara abin da kowa ya sani wuri guda.

Mu fara da shi kansa gyaran. Kunnen ɗan'adam mai lafiya yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa guda, daga rugugin ƙasa zuwa siririyar ƙara. Babu iyafis ko lasifikar da take fitar da wannan duka daidai wa daida. Wani yana cika rugugi, wanda muke cewa bes, har murya ta nutse. Wani kuma tsininsa ya yi yawa, yana soka kunne. Masu wannan ilimi sukan auna iyafis da na'ura, su ga inda ya yi ƙari da inda ya yi ragi, sannan su rubuta gyaran da zai cike giɓin. Wani ɗan ƙasar Finlan, Jaakko Pasanen, ya tara irin wannan gyara na dubban iyafis a wani aiki na kyauta mai suna AutoEq, kuma da shi manhajar Wavelet take aiki a wayoyin Android daga na 9 zuwa sama. Abin kamar tabarau ne na likita. An yanka shi ne don ido guda, kuma wanda ya gyara ganin wani zai iya sa wani jiri.

To me ya sa gyaran yake kamawa a wata manhaja ya ƙi a wata? Mu mutanen Kusugu ba sai an yi mana dogon bayani ba cewa ruwa yana iya kasancewa a rijiya amma bai isa tulu ba, tun da tarihin garinmu ma a kan haka ya ginu. Sauti shi ma hanya yake bi: daga manhajar waƙa zuwa cikin tsarin wayar, daga nan zuwa Bluetooth ko ramin iyafis, sannan kunne. Manhajar gyara a gefen hanya take tsayawa, kuma ba ta iya taɓa sautin da ba a sanar da ita ba. A tsarin Android, idan manhajar waƙa ta fara kiɗa, akwai wata sanarwa da take iya aikawa, ta ce ga lambar zaman sautina, mai son gyara ya zo. Mu sallama muke kiranta. Spotify, wadda ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021, tana yin wannan sallama. Manhajar YouTube ta bidiyo ba ta yi. Shi ya sa mutum zai ji bambanci a ɗaya ya rasa a ɗaya, alhali iyafis guda ne kuma waya guda.

Gwajin ba shi da wuya, kuma ya dace da kowace manhaja, ko Audiomack ce, ko Boomplay wadda tun 2015 take zuwa a wayoyin Tecno. Ka kunna waƙa, ka bar ta tana tafiya, sannan ka buɗe Wavelet. In ta nuna maka madannan gyara, an yi sallama an amsa. In ta tsaya tana jiran waƙa, to ba ta ji komai ba. Kada ka dogara da zato, domin kunne yana da saurin yarda da abin da zuciya take so. Ka ja bes ƙasa can ƙurya. In waƙar ba ta rame ba, gyaran ba ya kanta.

In ba a yi sallama ba, akwai hanya biyu. Ta farko, a cikin saitin manhajar akwai wurin da aka rubuta Legacy mode. Shi yana ɗora gyaran a kan babbar hanyar da duk sautin wayar yake bi, har da na bidiyo. Sai dai masu Android sun daɗe da sanya wannan hanya cikin waɗanda aka daina ƙarfafa amfani da su, don haka wata wayar tana karɓa, wata ba ta karɓa, wata kuma sai ta karɓa a lasifikarta ta ƙi a Bluetooth. Hanya ta biyu ita ce a ba manhajar izini na musamman ta riƙa gano zaman sauti da kanta. Wannan galibi ana haɗa wayar da kwamfuta ne a ba da umarni sau ɗaya. In ba ka saba ba, ka kai wa mai gyaran wayar da ka yarda da shi, ka tsaya a yi a gabanka. Masu iPhone kuwa su huta da wahala: tsarinta ba ya barin wata manhaja ta gyara sautin wata, sai dai a yi amfani da ikwalaizar da take cikin manhajar waƙar.

Akwai kuma wanda gyaransa yake kamawa, amma bayan waƙa biyu ko uku ya ɓace. Nan galibi mai tsimin batir ne. Wayoyi da yawa suna kashe duk manhajar da ba ta kan allo don caji ya daɗe, kuma da yanayin wutarmu ba wanda zai ga laifin haka. Maganin shi ne a shiga saitin batir a cire wa manhajar gyara takunkumi, a ba ta izinin tashi da kanta, a kuma cire ta daga jerin abin da manhajar share waya take sharewa.

Matsalar da ta fi yawa a wurin masu kawo waya majalisarmu ita ce taron masu gyara. Wayar tana da nata gyaran na kamfani, irin su DTS ko Dolby. Manhajar waƙar tana da nata. Mai wayar ya ƙara na uku, 'yar MP ɗin da ya haɗa ita ma tana da madannin bes. Kowa ya ɗaga rugugi, sai sauti ya fara karcewa kamar an yaga takarda. Dalilin shi ne sautin waya yana da rufi da ba ya wucewa. Ƙarin desibel 6 yana ninka tsayin igiyar sauti sau biyu, kuma waƙoƙin zamani dama a gab da rufin ake haɗa su. In ka ɗaga wani sashe, dole ka rage ƙarfin gaba ɗaya daidai da abin da ka ɗaga. Abin da muke yi shi ne mu kashe duka, mu bar guda ɗaya, mu saurara, sannan mu ƙara in akwai buƙata. A tuna kuma gyaran iyafis ba na lasifika ba ne. Wanda ya cire iyafis ya haɗa babbar lasifika a wurin kamu ko wuni bai canza gyaran ba, tabaran wani ya sa mata.

Wani abin da ake ɗauka matsala ce alhali ba ita ba ce shi ne daidaita ƙarfi. Spotify tana jawo waƙoƙi zuwa ma'aunin ƙarfi guda, wanda masu haɗa kiɗa suka sani da -14 LUFS, don kada wata ta yi tsawa wata ta yi raɗa. Don haka waƙar Hamisu Breaker ko ta Umar M. Shareef da take memorinka za ta iya fin wadda kake ji ta intanet ƙara. Ba ƙwarinta aka rage ba, ƙarfinta aka sauke. Kafin ka ce wannan ta fi wancan daɗi, ka daidaita ƙarfinsu tukuna, domin kunne yakan ba wa mai ƙara gaskiya.

Ga 'yan uwanmu masu ƙananan situdiyo a Daura da Katsina da Kano, labarin guda ne da kaya daban. Equalizer APO a kan Windows yana gyara sautin da ya bi hanyar kowa da kowa ne kawai. In FL Studio yana fita ta ASIO, ko wata manhajar waƙa ta kama na'urar sauti ita kaɗai, sautin ya bi ta bayan gida, gyaran bai gan shi ba. Masu SoundID Reference na kamfanin Sonarworks kuma su duba ko manhajar waƙar tana fita ta ƙofar da shi ya buɗe. In ana jin ƙaras-ƙaras, a duba ko wani ɓangare yana kan 44,100 wani yana kan 48,000, a mayar da su lamba guda. Sannan kada gyara ya zama biyu, ɗaya a cikin aikin ɗaya a kan kwamfutar. Mafi girma duka, a kashe gyaran kafin a fitar da waƙa. In ba a kashe ba, maganin lasifikar ɗakinka ya shiga jikin waƙar, kuma duk wanda ya saurare ta sai ya sha maganin ciwon da ba nasa ba.

Wannan na ƙarshe shi ne ainihin abin da ya sa muka yi rubutun. A Daura aka binne Alhaji Mamman Shata a 1999, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. Har gobe da wuya ka ratsa kasuwa ko tasha ba ka ji muryarsa ba. Waƙoƙinsa a faifai da kaset aka ɗauke su, kuma kiɗansa na kalangu ne. Kalangu magana yake yi: makaɗi yana matse tsirkiya yana saki, sauti yana hawa yana sauka kamar harshen Hausa. Wannan magana a tsakiyar sauti take zaune, inda muryar mawaƙi da ta 'yan amshi suke. Haka kotson Musa Ɗanƙwairo, haka kuntigin Ɗanmaraya Jos. Ba a yi su don rugugin da ake nema a kiɗan fiyano na yanzu ba.

Abin da muke gani shi ne, mutum ya gaji da manhajar gyaran da ta ƙi kamawa, sai ya ce bari ya yi maganin abin daga tushe. Ya ɗauki fayil ɗin waƙar, ya cika masa bes, ya goge siririyar ƙarar kaset har ya haɗa da kaifin murya, ya sake adana shi a MP3. Kowane sake adanawa a MP3 yana zubar da wani abu da ba ya dawowa. Daga nan fayil ɗin ya shiga memori, ya bi Xender, wani ya ɗora shi a intanet da sunan an gyara. Bayan shekaru, shi ne zai yi yawo, mai kyan kuma ya ɓace da kaset ɗin da ya lalace. Yaron da bai taɓa jin kaset ba zai ɗauka haka Shata yake, murya a cikin tulu da kalangun da ba ya magana. Dattawan unguwarmu da suka gan shi da idonsu sukan gane nan take. In aka kunna musu irin wannan, sai ka ji sun ce a canza, wannan ba ita ba ce. Tabarau a ido ake sa shi, ba a shafa shi a jikin takarda. Gyara na na'urar da kake ji da ita ne, fayil kuma a bar shi yadda aka same shi. Masu turi musamman, amana ce a hannunku, domin ku ne ma'ajiyar da garin yake da ita. In dole sai an taɓa, a ajiye na asali a gefe, a rubuta wa wanda aka taɓa suna daban.

Akwai kuma kunnen kansa. Wanda bai jin kalmomi sosai, ko a waƙa ko a karatun Alƙur'ani ko a tafsiri, yakan ƙure ƙara ne, alhali rage bes kaɗan zai fito masa da murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar da ba ta cutar da babba ita ce desibel 80 na awa 40 a mako, kuma ta ce matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraro. Ana sayen sabon iyafis, amma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Don haka kafin ka kashe kuɗi, ka bi hanyar daga farko: an yi sallama, batir bai kashe manhajar ba, mai gyara guda ne, kuma gyaran na na'urar da ke kunnenka ne. Wanda ya gwada a wayarsa ya faɗa mana irin wayar da manhajar da abin da ya gani, don na baya su amfana. Wanda kuma yake da tsofaffin kaset a ajiye a gida, don Allah kada ya zubar, ya yi mana magana mu ga yadda za a kwafe su ba tare da an taɓa su ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mana jinmu da ganinmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.