Haƙƙin Na Ƙasan Kogi

Ni ɗan masunta ne. A wani ƙauye da ke bakin rafin Marma, tsakanin Haɗejia da Nguru, aka yanke mini cibiya, kuma da kuɗin tarwaɗa da karfasa aka saya mini littafin makaranta. A wajenmu ruwa ne ke tsara shekara. Idan kogin Haɗejia da na Jama'are suka kawo, sai fadama ta cika maƙil, kifi ya bazu cikin ciyawa ya hayayyafa, shinkafa ta sha ta ƙoshi. Da ya fara janyewa, manomi ya bi laima da wake, Fulani su biyo da shanu, gaiwa ta nutse cikin taɓo tana jiran wata damina. Da hunturu kuma tsuntsaye su keto Sahara daga Turai, su sauka cikin dinya da kirinjijiya da zalɓe. Kowa da lokacinsa, kowa da rabonsa.

A idona wannan tsari ya fara warwarewa. A saman kogin Haɗejia aka gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992. Babbar ambaliya ta ragu, ruwa kuma ya daina ƙafewa da rani a wasu magudanu, domin ana sakinsa duk shekara. Abin da kachalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, kwalekwale ya rasa wurin bi, jan baki suka samu mafaka a cikinta suna far wa shinkafa da gero. Wata rana muna cirarta da lauje, ruwa iya ƙirji, Baba ya ce mini, "Ɗana, da can ruwa baƙo ne, ya zo da alheri ya tafi. Yanzu ya zaune wa wasu, ya ƙaurace wa wasu."

Na girma ina jin ciwon mutanen saman kogi, sai aiki ya kawo ni Kano. A nan na sha ruwan famfo da ake ɗebowa daga saman kogin namu, na ci tumatirin Kadawa da shinkafar Kura, waɗanda ruwan Tiga ke shayarwa. Na ga manoman rani masu gumi irin na Baba, babu mai nufin kowa da sharri a cikinsu. Ba su taɓa ganin Marma ba ne kawai. Ashe ana iya tauye haƙƙin mutum ba da ƙiyayya ba, rashin ganinsa ma ya isa. Tun 2000 aka sanya tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayoyin Ramsar masu muhimmanci a duniya, amma da wuya ka ji zancensu a bakin masu amfana da ruwan nan.

Wannan ya sauya yadda nake riƙon duk abin da ya biyo ta hannuna: albashi, gadon gida, takardar wani da ke jiran sa hannuna a ofis. Kafin in tsare abu ko in sake shi, nakan tambayi kaina wa ke jiransa a ƙasa, kuma yaushe yake bukatarsa, domin abin da ya zo ba a kan lokaci ba yana iya zama cuta. Masunci da makiyayi suna da bakin kai kuka. Dinya da gaiwa ba su da shi, amma su ma amana ce, za a tambaye mu.