Makon Gwaji a Shikago

A farkon watan Fabrairu, lokacin da iskar tafkin Michigan ke ratsa ƙashi, akwai wani otal a tsakiyar Shikago da ke cika maƙil da yara 'yan shekara 17 da 18. Palmer House sunansa, tsohon gini ne mai faffaɗan zaure, an ƙawata rufinsa da zane har sai wuyanka ya gaji da kallo. A wannan makon jami'o'i masu koyar da wasan kwaikwayo kan kama ɗakuna a ciki, kowace ta turo malamanta. Yara kuma su taho daga jihohi na kusa da na nesa, su yi gwaji gaban makarantu da yawa cikin 'yan kwanaki, ba sai sun bi su gari-gari ba. Ana yin irinsa a New York da Los Angeles, suna ce masa Unifieds. Ɗan yayata, haifaffen can, yana cikin masu gwajin, zuwana kuma ya dace da makon. Yaya ta ce, "Tunda Allah ya kawo ka, kai za ka raka shi, ni aiki ya riƙe ni."

Kowane yaro na rungume da fayil: hotonsa, jerin wasannin da ya taɓa fitowa a ciki, da jawabai biyu da ya haddace, galibi ɗaya daga tsofaffin wasanni irin na Shakespeare, ɗaya na zamani. Masu neman fannin da ake haɗa wasa da waƙa da rawa suna ɗauke da takalman rawa da takardun kiɗa. A kan matattakala wata na gyaran murya, a lungu wani ya fuskanci bango yana maimaita kalamansa, iyaye kuwa sun zazzauna a ƙasa riƙe da rigunan sanyi. Da yawansu sai da suka aika bidiyo tun kaka aka tace su kafin a ba su ranar zuwa. Duk wannan shiri, abin da za su yi a gaban malamai bai fi 'yan mintoci ba.

Abin da ya kama zuciyata yana faruwa ne bayan an gama. Malami zai ajiye biro ya ce wa yaro, kana da tambaya? Kuma wallahi suna da ita. Yaro ɗan shekara 17 zai dubi farfesa ya tambaye shi: ɗalibai nawa ne a aji? A wace shekara ake fara hawa dandamali? Idan akwai masu digiri na biyu a sashen, su ke kwashe manyan rawar da ake takawa ko ana raba wa kowa? Malamanku har yanzu suna aiki a gidajen wasa, ko sun daɗe da bari? Kuna sallamar ɗalibi bayan shekarar farko? Wannan ta ƙarshe tana da tushe, domin a da wasu makarantu kan ɗauki yara da yawa, su rage su bayan shekara guda, kuma tsoron abin bai bar iyaye ba. Malaman ba sa jin an raina su. Amsa suke bayarwa dalla-dalla. Sai abin ya yi mini kama da binciken aure a gida, dangin namiji na tambayar asali, dangin mace ma na tambaya, ba wanda zai ce don me.

Hanyar karatun wasan kwaikwayo ta rabu biyu tun daga farko, kuma Shikago ta nuna mini kowace da idona, domin jirgin ƙasan cikin gari yana kai ka duka biyun.

Ta farko ita ce digirin BFA. Mun gan ta a makarantar wasan kwaikwayo ta Jami'ar DePaul, a unguwar Lincoln Park, wadda aka kafa a 1925 da sunan Goodman kafin ta koma ƙarƙashin jami'ar a 1978. A irin wannan digiri kusan kashi biyu cikin uku na karatun sana'ar ce tsantsa: sarrafa murya, numfashi, motsin jiki, karin harshe, faɗan dandamali da ba a jin ciwo, warware rubutun wasa. Da safe aji, da yamma bita har dare. Aji ƙarami ne, da mutanen da ka shiga da su za ka fita, kun san raunin juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. A shekarar ƙarshe yawancin irin waɗannan makarantu kan kai ɗalibansu New York ko Los Angeles su nuna gwanintarsu gaban wakilan 'yan wasa da masu zaɓen jarumai. Carnegie Mellon da ke Pittsburgh, wadda ta fara ba da digirin wasan kwaikwayo a Amurka tun 1914, wannan hanyar take bi. Haka Juilliard a New York, wadda sashenta ya buɗe a 1968, kuma ba ta wuce ɗaukar kimanin mutum 18 a shekara.

Ta biyu kuwa BA ce, ita muka tarar a Northwestern da ke Evanston, a bakin tafki, arewa da birnin. Nan ba a gwaji kafin shiga sashen, takardunka da makinka ne ke shigar da kai. Wasa yana cikin karatun, amma akwai fili ga tarihi, harsuna, tattalin arziki, duk abin da ranka ke so. Meghan Markle a nan ta haɗa wasan kwaikwayo da hulɗar ƙasashe. Ɗalibai su ke shirya wasanni da yawa da kansu, su nemo kuɗi, su haɗa fitilu, su sayar da tikiti. Wasu da suka gama a can, ciki har da David Schwimmer, su suka kafa gidan wasa na Lookingglass a 1988.

A jirgi muna komawa na ce, "To ɗana, ina ka karkata?" Ya ce, "Kawu, idan ina DePaul ji nake kamar kada in fita daga ɗakin bita. Idan na tuna ba zan ƙara zama ajin tarihi sosai ba, sai gabana ya faɗi." Na ji daɗin amsar, domin ta nuna ba sunan makaranta yake aunawa ba, yadda yininsa zai kasance shekara huɗu yake aunawa.

Ni dai raina ya fi kwanciya da BA ga yaron da zuciyarsa ke rabe haka. Ɗan wasa mutane yake sakawa a jikinsa, likita yau, gobe manomi, jibi sarki, kuma wanda bai karanta komai ba sai wasa, da me zai cika su? Ƙofar horo mai tsanani ba ta rufewa. Meryl Streep a Vassar ta yi digirin farko, sannan ta tafi makarantar wasan kwaikwayo ta Yale ta gama a 1975. Lupita Nyong'o, 'yar Kenya, ta yi Hampshire, ta gama Yale a 2012, ta ɗauki Oscar a 2014. Viola Davis kwalejin jiharsu ta Rhode Island ta fara yi kafin Juilliard. Sai dai mai son waƙa da rawa lissafinsa daban ne. Jiki da ƙuruciya ake lanƙwasa shi, wanda ya jira sai ya kai 23 ya fara rawa da gaske ya makara, shi BFA ce tasa.

Sai maganar kuɗi, wadda iyayen da ke zaune a ƙasan otal ɗin suka fi yi. A manyan jami'o'i masu zaman kansu, idan aka haɗa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci, shekara guda ta haura dala 80,000 ga wanda bai samu tallafi ba. Sana'ar kuwa ba ta da albashin wata, yau aiki gobe jira. Mai bashi a wuya ba zai iya karɓar ƙaramin wasa mai kyau da ba ya biya sosai ba, dole ya nemi abin da zai rufe bashin. Masu harkar sun san da wannan ciwo, kuma masu hali suna sa hannu. A 2021 David Geffen ya ba makarantar wasan kwaikwayo ta Yale dala miliyan 150, aka daina karɓar kuɗin karatu. Chadwick Boseman yana ɗalibi a Howard malamarsa Phylicia Rashad ta nemo masa taimako, Denzel Washington ya biya kuɗin wani kwas ɗin bazara a Oxford. Yau kwalejin fasahar Howard sunan Boseman take ɗauke da shi. Wannan riƙo da na gaba ke yi wa na baya ya burge ni ƙwarai.

Na tuna dandalin ƙasa na sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da Cibiyar Koyar da Fim ta Jos. Muna da wuraren, muna da malamai. Abin da na yi sha'awa a ce muna da shi shi ne wannan zama na ido da ido kafin shiga, a ga yaro yana wasa, shi ma ya tambayi abin da za a koya masa.

Wani dare muka je Steppenwolf a titin Halsted, gidan wasan da sunansa ya kai ko'ina. Matasa uku suka kafa shi a 1974, suka yi shekarun farko a ɗakin ƙasa na wata coci a Highland Park. Gary Sinise bai yi jami'a ba. Jeff Perry da Terry Kinney, da John Malkovich da Laurie Metcalf da suka shigo daga baya, Jami'ar Jihar Illinois suka yi, a wani gari mai suna Normal a tsakiyar gonakin masara. Yaron ya san tarihin fiye da ni, shi ya ba ni labarin muna jiran a ɗaga labule.

Amsoshin makarantu a watan Maris suke fitowa, tare da takardar tallafin da kowace za ta bayar, kuma ranar 1 ga Mayu ake so ɗalibi ya yanke. Ina gida Yaya ta bugo mini. Sun zauna da takardun, sun cire tallafi daga kuɗin kowace, sun ninka sau huɗu. Yaron ya sake zuwa makarantu biyu ya zauna a aji yini guda, ya yi hira da 'yan shekarar ƙarshe ba malami a wurin. Ya ɗauki BA a wata jami'ar gwamnati, wasa da tarihi, inda zai gama ba bashi. Ya karɓi wayar ya ce, "Kawu, in na gama zan nemi Yale, ka sa ni a addu'a."