ƊAKI A BAYAN A-KORI-KURA: ME ZA A ƘERA, ME ZA A SAYA?

 

Yau maganar ƙarfe da katako da tampol za mu yi, amma littafi ne ya jawo ta. Kowa a cikinmu ya san kukan: an tara kuɗin adashe an buga littafi, an ƙaddamar, an ɗauki hotuna, sauran kwafin kuma suna jibge a ƙarƙashin gado suna shan ƙura. Shagunan da ke karɓar littattafan Hausa sun ragu, masu karatu da yawa sun koma waya. Mu uku daga cikin 'yan ƙungiyarmu, duk mazauna Kambarawa a nan Katsina, sai muka ce tunda mai saye bai zo ba, bari mu kai masa har inda yake. Inda yake kuwa shi ne kasuwar mako, ranar da ya sayar da akuya ko tiya goma ta wake, kuɗi na aljihunsa.

Kasuwar Mai'aduwa muka fi sa wa ido, wadda ke ci ranar Lahadi. Daga Katsina sai an bi ta Mashi, a wuce Daura, a nufi bakin iyaka. Mai son wurin baje kaya mai kyau dole ya kasance can da sassafe. Tafiyar dare kuwa, a halin tsaron da ake ciki, babu uwar da za ta yarje wa ɗanta. Ke nan sai an tashi tun Asabar da rana a kwana a can. Kuɗin masauki na mutum uku zai cinye ribar littafi hamsin, ga kuma fetur da ya zama abin da ya zama tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023. Lissafi ya nuna mana hanya ɗaya ce: motar da za ta kai mu ita ce za ta zama ɗakin kwananmu.

Kawun ɗaya daga cikinmu yana da tsohuwar Hilux mai ƙofa biyu, wadda yake ɗaukar hatsi da ita. Muka je muka durƙusa. Ya gama saurarenmu ya ce, "Na ba ku Asabar da Lahadi. Amma sharaɗi biyu: ban yarda a taɓa mani bodi da wutar walda ba, kuma ran Litinin da safe ina son motata yadda na ba ku ita, don buhu za ta ɗauka." Muka ce, "Mun ji, Kawu, Allah Ya ƙara girma." Waɗannan sharuɗɗa su suka tsara mana komai, domin duk abin da za mu ɗora dole ya zama mai sauka cikin sa'a guda.

Abin ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna shafe watanni a hanya, gidansu yana kan jaki: mangala, taiki, salkar ruwa, tabarma, tukunya. In an isa zango a sauke, da asuba madugu ya ba da umarni a ɗaure. Da mota ta zo, aka mayar da wannan hikimar bayanta. Kamfanin Peugeot da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975 ya cika hanyoyinmu da a-kori-kura 404 da 504 masu rumfar tampol, kuma direbobin kasuwa da yaransu sun daɗe suna kwana a ƙarƙashin wannan rumfar. Abin da muka ƙara kawai shi ne tsari.

A nan ne gardama ta tashi tsakaninmu. Ɗayanmu ya kalli bidiyoyin mutanen Amurka, inda ake sayar da ɗaki sukutum da ake ɗora wa a-kori-kura, da gadonsa da firijinsa da wurin girki. Ya ce ko murfin bayan mota na kanti mu nema. Da muka tambayi farashin murfin kaɗai, wanda daga waje ake shigo da shi kuma da dala ake lissafinsa, sai muka ga ya fi kuɗin duk littattafan da za mu ɗauka. Ɗayan kuma ya ce kada a sayi komai: a ɗaure kaya da robar tsohuwar taya, a ja waya daga batirin mota a maƙala ƙwai, shi ke nan.

Mai waldar unguwarmu, dattijo ne da ya ƙera rumfar mota ba adadi, shi ya raba gardamar. Ya ce, "Samari, abin da in ya lalace kunya za ku ji, ku kawo in yi maku. Abin da in ya lalace likkafani za a nema, ku je ku saya, kuma ku sayi mai kyau." Da wannan maganar muka raba kayanmu gida biyu.

Na ƙerawa su ne duk abin da awo ne sirrinsa. Bayan motar ya haura mita biyu a tsawo, faɗinsa kusan mita ɗaya da rabi. Mai walda ya lanƙwasa fayif mai kusurwa huɗu ya yi bakuna uku, ya haɗa su da sanduna, ya yi masu ƙafafu masu kama bakin bodi da noti. Sifana ɗaya ke kwance su. Muka so ya ɗaga rumfar yadda mutum zai miƙe tsaye, ya ƙi. Ya ce rumfa in ta yi tsawo iska take tarewa, mota ta sha mai, a kwana kuma ta nemi kifewa. Ya tsayar da ita daidai yadda mutum zai zauna kansa bai taɓa sama ba.

Mai ɗinkin kujerun mota ya ɗinka tampol, ya yanka tagogi biyu masu fuskantar juna, ya sa masu raga da marfi. Kafinta ya yi akwatuna huɗu masu tsawo ɗaya. In an jera su aka shimfiɗa faffaɗan katako a kai, sun zama gado, littattafai na ciki. Da safe katakon nan shi ne teburin baje kaya. Katifa tsohuwa ce muka kai aka yanka daidai awo. Mutum biyu ke kwana a baya, na uku a gaban mota, ana karɓa-karɓar gadi.

Abin da ya fi burge mu shi ne maganin zafi, don babu kantin da ke sayar da shi. A bazara zafin Katsina kan haura digiri 40, tampol kuma ya zama tanda. Sai muka ɗaure asabari a ƙarƙashinsa, muka bar tazarar yatsu huɗu tsakani don iska ta riƙa ratsawa. Jarkar ruwan sha kuma muka naɗe ta da buhun algarara, muna jiƙa shi. Yayin da ruwan buhun ke bushewa yana tafiya da zafin jarkar. Aikin da salka da randa ke yi ke nan tun kaka da kakanni, kuma da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi tukunya cikin tukunya mai adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Na saye kuwa ba su da yawa, amma ba mu yi masu rowa ba. Na farko ɗamarar ɗaure kaya mai ƙugiya da abin tamkewa. Roba tana miƙewa, rana na cinye ta, ranar da aka taka birki da ƙarfi akwati mai kilo arba'in zai taho gaba ba sallama. Na biyu kayan wuta: faifan sola mai wat 100, batir na daban wanda ba na mota ba, na'urar daidaita caji, waya mai kauri, da fis dab da kan batir. A nan ɗan abin da muka koya a kwalejin kimiyya da fasaha ya yi rana. Ƙwai biyu masu wat 5 na awa biyar, 50 ke nan. Fanka mai wat 15 ta awa takwas, 120. Cajin waya uku, kamar 50. Jimla 220. Faifan kuwa, a ranar Katsina, ko an cire asara yana ba da fiye da 300 a yini. Wayar da ba ta da fis in ta goge da ƙarfe wuta take yi, mu kuma takarda da katifa da tampol muka ɗauko. Shi ya sa na uku ya zama tukunyar kashe gobara, wadda dama jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya, mun rataye ta inda hannu zai kai cikin duhu. Na huɗu gidan sauro mai magani. Na biyar kwaɗo na kirki.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce amanar Kawu. Irin wannan mota kusan tan ɗaya take ɗauka, har da mutanen ciki. Muka ari sikelin masu hatsi muka auna. Mu uku kusan kilo 200. Rumfa da tampol da katako 120. Jarka biyu masu lita 25, kilo 50. Batir da faifai 40. Katifa, abinci, safaya da kayan gyara 60. Littattafai katan 15, kowane kilo 20, wato 300. Duka 770. Abin da ya rage mun bar shi a matsayin tausayin tsohon sifirin. Masu nauyin duk mun tura su gaba, jikin kan mota, domin nauyi in ya taru a bayan ƙafafun baya gaba yakan yi sako-sako, sitiyari ya daina jin magana.

Akwai dokoki uku da muka rubuta muka manna a jikin akwati. Babu mai hawa baya in mota na tafiya. Gadon na kwana ne. Babu fetur a jarka inda ake kwana. Babu gawayi ko risho ko janareta a ƙarƙashin tampol, komai tsananin hunturu. Hayaƙin da ke kashe mai barci ba shi da wari ba shi da launi, mutum yana jin ɗumi mai daɗi ne har ya wuce. Shayi a waje ake dafa shi, a kashe wuta, sannan a shiga. Wurin kwana ma ba a daji ba ne: ƙofar gidan wani malamin makaranta ne da ya karɓe mu, bayan mun gaida mai unguwa mun faɗi ko mu su wane ne.

Shin ana ciniki? Ana yi, daidai gwargwado. Malaman firamare na saye, matan aure na aiko yara da sunan littafi a rubuce a 'yar takarda, masu cajin waya na karɓar biyar-biyar su ajiye. Wani makon a fitar da kuɗin mai da ɗan abin rabawa, wani makon kuɗin man kawai. Amma mun ga fuskar mai karatu, mun ji abin da yake tambaya da abin da yake ajiyewa bayan ya duba shafin farko.

Ga masu shirin rubutu, akwai wata riba ta daban. A makonnin da muka yi muna zirga-zirga tsakanin mai walda da kafinta da mai ɗinki, mun cika rabin littafin rubutu da sunayen abubuwa da irin maganganun masu sana'a. Da yawanmu in jarumin labari ya shiga mota, abin da muka sani kawai shi ne "ya ja ta a guje". Ku je gareji ku zauna, ku gaida maigidan, ku tambayi sunan abin da ke hannunsa. Ba ya ƙin faɗa.

'Yan uwa na Funtuwa da Malumfashi, na Zariya da Maraɗi, wace kasuwa ce kusa da ku take karɓar littafi, kuma wace rana take ci? Wanda ya taɓa gyara bayan mota don kwana, me ya ƙera, me ya saya? Muna sauraro.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya sa albarka a alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.