Gidan Manomi A Ƙasar Kwali, Bayan Birnin Abuja

Duk wanda ya bar birnin Abuja ya kama hanyar Lakwaja, da ya wuce Gwagwalada da Sheda sai ya ga dogayen benaye sun ƙare, gonaki sun kama dama da hagun. Tafiyar kamar sa'a guda ce da mota zuwa Kwali, ɗaya daga ƙananan hukumomi 6 na Yankin Babban Birnin Tarayya. Ƙasar Gwari ce, watau Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu, kuma a ƙauyukanta, irin su Yangoji da Dafa da Kilankwa, har yanzu ana samun gidan da yawancin abin da ake ci a cikinsa daga hannun mutanen gidan ya fito.

Abin da baƙo zai fara gani in ya shiga irin wannan gida shi ne rumbuna. Da laka ake gina su, a ɗora bisa duwatsu don kada danshi da gara su tarar da hatsi, sa'an nan a kifa musu jinka. Maigida na da nasa, inda ake zuba amfanin gandu, matan gida kuma kowace da nata. A gefe ga akurkin kaji, ga turken awaki, bayan gida kuwa ga 'yar garka ta kuɓewa da yakuwa da barkono da gauta. Toka da shara da kashin dabbobi duk can suke komawa su zama taki, dusa da ƙaiƙayi na kaji ne, harawar wake da ta gyaɗa kuwa ta awaki ce da rani.

Doya ita ce babbar sana'ar wannan ƙasa. Ruwa yakan sauka tun daga watan Afrilu har zuwa Oktoba, saboda haka da damina ta zo ƙarshe, tun ƙasa tana da laushi, sai maza su fita da garma su tada tsibi, sau da yawa ta hanyar gayya. In an binne iri sai a rufa wa kan tsibin ciyawa don kada zafin rana ya dafa shi. Wasu manoman sukan bar karan dawar bara a tsaye, su tanƙwara shi, doya ta hau, ba sai an sari itace ba. Wajen watan Yuli ko Agusta akan tone gefen tsibi a yanke doyar a bar kanta a ƙasa, kan ya sake yin 'ya'ya waɗanda za su zama irin baɗi. Ta haka manomi ba ya zuwa kasuwa neman iri. Bayan doya sai dawa da masara da gyaɗa da riɗi su bi gonar bi da bi, daga nan a bar ta saura ta huta 'yan shekaru.

Kaɗanya da ɗorawa ba a sare su ko da a tsakiyar gona suke. Daga kaɗanya mata ke samun man kaɗe na girki da na shafawa, daga ɗorawa kuwa a sami kalwar daddawa, ɓawonta kuma a jiƙa a yi makuba. Matan Gwari, waɗanda aka san su da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a kā, su ne masu gina randa da tulu da tukunyar gida. Da hannu suke yi, mai ginin tana kewaya tukunyar tana jan yumɓu sama, a gasa a fili da itace da ciyawa, a yayyafa makuba tun tana da zafi. A wannan sana'a Ladi Kwali ta tashi. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, ta nuna aikinta a Ingila da Amurka, ta rasu a 1984, hotonta kuma yana bayan takardar Naira 20.

Ba a ce gidan ba ya bukatar kuɗi ba. Gishiri da sutura da magani da taki na zamani da kuɗin makaranta duk sai an saya. Amma dai ƙa'idar ita ce, gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa: sai an auna abin da zai kai iyali wata kaka, sa'an nan rarar doya ko ɗan akuya su nufi kasuwar Gwagwalada.

Duk wannan tsari bisa abu guda yake tsaye, watau isasshiyar ƙasa. Ran 3 ga watan Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta keɓe fili mai murabba'in kilomita wajen 8,000 don sabon babban birni. Da fari an yi niyyar kwashe mazauna yankin duka, amma a 1978 aka sauya shawara, aka ce sai waɗanda aikin gini ya shafa. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a Jihar Neja, wasu ƙauyukan kuma aka tsugunar da su a Kubwa. Tun da gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga watan Disamba 1991, birnin bai daina cin gonaki ba.

Bisa ga tsarin mulki na 1999, ƙasar yankin duka mallakar Gwamnatin Tarayya ce. Don haka in aka karɓi gona, diyyar da aka saba biya ta shuka ce da itatuwa masu amfani da gine-gine, ban da ita ƙasar kanta. To, kuɗin amfanin shekara guda ba ya maye gurbin gonar da ta ci da gida tun kaka da kakanni, saura kuwa a idon mai awon filaye daji ne da babu mai shi. In saura ta tafi, gona ba ta hutawa, doya ta ƙanƙance, rumbu ya kasa kaiwa kaka, yaran gida su koma leburanci a wurin gini ko haya da babur.

Ya kamata hukumomin da ke yanka filaye su keɓe wa ƙauyukan nan gonakinsu da saurarsu, su ba su takardar da doka ta sani, tun kafin awo ya iso Kwali kamar yadda ya iso Wuse. Birnin ma zai amfana, gama wani kaso na doyar da ake dakawa sakwara a Garki da Maitama daga waɗannan tsibaye yake fitowa.