Embrun: garin da ake haramta wa ɗan tsere taimako

A kudu maso gabashin Faransa, cikin duwatsun Alp, akwai wani ƙaramin gari mai suna Embrun. An gina shi bisa wani dutse da ke leƙen kogin Durance, mutanensa ba su kai dubu goma ba. Ƙarƙashin garin tabkin Serre-Ponçon ya shimfiɗe, wanda ba Allah-da-ikonsa ba ne: madatsar ruwa ce ta haife shi wajen 1960, har tsohon ƙauyen Savines ya nutse. Wani ɗan ɗakin ibada da ke kan tudu ya tsira, yana nan tsakiyar ruwa kamar tsibiri.

Ranar 15 ga watan Ogusta ita ce ranar garin. Tun 1984 ake yin wata gasa da ake kira Embrunman, irin wasan nan na triathlon, wato tsere uku a jere ba hutu: ninƙaya, keke, sannan gudu. A nan ninƙayar kilomita 3,8 ce, keken kusan kilomita 188, gudun kuwa kilomita 42. Tafiyar keken kaɗai ta zarce nisan Yamai zuwa Dosso, ga shi kuma ba shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ce.

Akwai gwanaye da suka mai da wasan sana'a, amma ba su suka cika fili ba. Mafi yawa malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da masu kanti, da ma'aikatan gwamnati da suka ɓata hutunsu na shekara a kan wannan wahala. Kwana biyu ko uku kafin ranar sukan iso ayari-ayari, kekuna ɗaure bisa motoci, kowane ayari da launin rigar ƙungiyarsa, su kafa tantuna bakin ruwa.

Waɗannan ƙungiyoyi su ne gindin al'amarin. Galibinsu an kafa su bisa dokar ƙungiyoyi ta 1901, da shugaba da magatakarda da ma'aji, ba mai ɗaukar albashi. Kowa yana zuba kuɗin shekara. Da shi ake biyan mai horarwa, a nemi lokaci a wurin ninƙaya na gari, wanda sau da yawa sai da asuba ko da dare ake samu. Ranar Lahadi a fita da kekuna tare, cikin hunturu, kuma al'ada ce masu ƙarfi su tsaya a kan tudu su jira na baya. A cikin rigar roba da hular ninƙaya ba a gane darekta daga planto. Wanda ya fi sanin ruwa shi ke koyarwa, ko da a ofis shi ake aike.

Abin mamaki shi ne, ranar gasar doka ta raba su. Wajen ƙarfe shida na safe, gari bai waye sosai ba, ake faɗawa ruwa. Da an hau keke kuwa, an hana mutum ya laɓe bayan wani don ya kare masa iska, abin da suka shekara suna yi wa juna. Alƙalai na zagaye bisa babura, wanda aka kama a ci shi tarar mintuna. Taya ta fashe, kai za ka gyara abinka. Aboki ya miƙo maka ruwa a wurin da ba a yarda ba, kana iya rasa gasar gaba ɗaya. Dokar tana da tsauri, amma ba ta rasa hujja ba: in babu ita, mai yawan jama'a ne zai ci, ba mai ƙarfi ba.

Hanyar keke tana bi ta Guillestre, ta kutsa cikin kwazazzabai, sannan ta fara hawan Izoard, mashigin dutse mai tsawon mita 2.360, wato ya ɗara ƙololuwar Bagzan a Ayar. Kusa da ƙarshen hawan akwai wani wuri da ake kira Casse Déserte. Itatuwa sun ƙare, sai tsakuwa da tsayayyun duwatsu masu launin ƙasa, sai ka ce an ɗauko wani yanki na Sahara an rataye shi a sama. Nan aka kafa alamar tunawa da Fausto Coppi da Louison Bobet, manyan mahaya keke na tseren Tour de France. Ma'aikacin da ya iso nan da tsakar rana ba ya da lokacin karanta ta. Idonsa na kan agogo, domin akwai sa'ar da in ta wuce bai kai ba, a karɓe lambarsa, horon shekara guda ya tafi ke nan.

To, me ya rage wa ƙungiya? Murya kawai. Waɗanda ba su shiga ba, da mata da yara, sukan raba kansu a kan hawa, su rubuta sunayen nasu a kan kwalta, su yi ta kira. Ga kuma ɗaruruwan masu aikin sa-kai da ke miƙa ruwa da ayaba a wuraren da aka ƙayyade.

Daga Izoard a gangara Briançon, a komo Embrun, a ajiye keke a kama gudu. Gwanaye sukan gama cikin awa goma ko kusa da haka, rana na sama. Na baya sai dare ya yi. A lokacin ne ake ganin waɗanda suka riga suka gama, da waɗanda agogo ya kora tun rana, sun dawo bakin shinge da bargo a kafaɗa, ƙafafu sun sandare, suna ƙirga nasu da ba su shigo ba tukuna.