Kwana Uku a Kogin Nilu: Yadda Na Koyi Tuƙa Jirgin Iska a Aswan



Ni mutumin Damagaram ne, inda ake auna ruwa da jarka, inda babban ruwan da yaro ya sani shi ne tafkin da damina ta cika, rani ya shanye. Har na kai shekara talatin ban taɓa sa ƙafa a kwale-kwale ba, iyo ma ban iya ba. A watan Janairun 2019, bayan na kammala wani gajeren karatu a Alƙahira, na hau jirgin ƙasa na yi kudu, tafiyar kusan kilomita 900, gari ya waye mini a Aswan.

Aswan gari ne da ruwan sama bai cika ziyarta ba, rayuwarsa duka ta rataya ga Nilu. A gaɓar yamma tuddan rairayi ne suka gangaro har bakin ruwa, a tsakiyar kogin kuma ga baƙaƙen duwatsu da tsibirin Elefantin, mai ƙauyuka biyu na Nubawa da tsofaffin matakalan da mutanen da suke auna cikar kogi da su. Kudu da garin akwai madatsun ruwa biyu: ta 1902, da babbar da aka fara a 1960 aka gama a 1970, wadda tafkinta ya haɗiye ƙauyukan Nubawa, aka mai da dubbansu wajen Kom Ombo. Da yawa daga matuƙan jiragen Aswan Nubawa ne.

Jirgin da suke tuƙawa sunansa feluka. Ba shi da inji. Ƙyalle guda gare shi mai kusurwa uku, wanda Larabawa ke kira shira'i, da sandar juya jirgi a baya, da wani faifan ƙarfe a tsakiya da ake saukarwa cikin ruwa. Na sami wani dattijo mai ƙaramar feluka, shi da jikansa ɗan shekara goma sha huɗu, na roƙe shi ya koya mini. Tambayarsa ta farko ita ce: "Ya Ustaz, ka iya iyo?" Kunya ta so ta sa ni ƙarya, amma na ce a'a. Ya miƙo mini rigar ceto, ya ce in ban sa ta ba, babu karatu.

Ranar farko iska muka karanta. Nilu daga kudu yake gudu zuwa arewa, iska kuwa galibi daga arewa take busowa. Saboda haka mai zuwa kudu iska ke tura shi, mai komawa arewa ruwa ke ɗaukarsa. Tun a rubutun Misirawan da, alamar tafiya kudu jirgi ne da ƙyallensa a buɗe. Dattijon ya koya mini in ji iska a kumatuna, in duba tsumman da ya ɗaura a igiya, in lura da inda fuskar ruwa ta yi duhu, domin nan ne iska mai ƙarfi ke tahowa. Igiyar ƙyalle kuwa ana sassauta ta har ƙyallen ya fara kaɗawa, sannan a ja ta kaɗan har ya yi shiru. Sandar juyawa ta fi wahalar da ni: in ka tura ta hagu, jirgi dama zai yi. Ya kuma gargaɗe ni cewa mai koyo ba ya ɗaure igiyar ƙyalle, a hannu yake riƙe ta.

Rana ta biyu muka fuskanci arewa, wato inda iska ke fitowa. Babu jirgin ƙyallen da ke iya tunkarar iska kai tsaye. Mafi kusa da zai yi shi ne ya kauce mata da kimanin digiri 45. Sai mu nufi gaɓar gabas a karkace, mu juya mu nufi ta yamma, kowane zuwa muna ƙara matsawa gaba, faifan ƙarfen nan yana hana iska ta zame da mu gefe. A kowace juyawa matuƙi zai ɗaga murya, kowa ya sunkuya don kada sandar ƙasan ƙyalle ta buge shi, a koma ɗaya gefen. Mai gaggawa zai ce ɓata lokaci ne, alhali hanyar ke nan, babu wata.

A nan ne na kusa jawo mana hasara. Muna fitowa daga bayan tsibiri sai wata iska ta buge mu ba zato. Jirgin ya kwanta gefe har ruwa ya fara shigowa. Tsoro ya kama ni, na ƙanƙame igiya ina ƙara janta, bakina yana salati. Yaron nan ya daka mini tsawa: "Saki! Saki!" ya buge hannuna. Igiya na kuɓucewa ƙyalle ya zubar da iskarsa, jirgi ya miƙe. Da muka kwashe ruwan, dattijon ya dube ni ya ce: "Ya Ustaz, addu'arka ta yi kyau, hannunka ne ya saɓa mata." Ni da na girma ina biya wa yara karatu a zauren mahaifina, ranar yaro ne ya biya mini. Gemu dai ba ya hana neman ilmi.

Rana ta uku, gab da magariba, iska ta ɗauke gaba ɗaya. Ƙyalle ya yi laƙwas, muka zauna ruwa yana jan mu a hankali, kiran salla yana tasowa daga gaɓoɓi biyu. Na tuna ayoyin Suratush Shura da suka ambaci jiragen ruwa da tsayawar iska. Sau da yawa na ji tafsirinsu a watan azumi, amma sai a wannan yammaci na ga abin da idona.

Ya ƴan'uwa, jiragenmu na kogin Kwara, daga Ayoru zuwa Yamai har Gaya, da filafili da gwangwala ko inji ake tuƙa su, amma ruwa ɗaya ne ko'ina. Kowace shekara in kogi ya cika muna jin labarin jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife da mata da yara, mu yi ta'aziyya mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, riƙo da sababi kuma umurni ne. Wanda yake kusa da ruwa ya nemi amintaccen mutum ya koya wa ƴaƴansa iyo. Wanda zai hau jirgi ya nemi rigar ceto, in ya ga lodi ya yi yawa ya sauka ya jira na baya. Wanda bai iya ba kuwa ya faɗa, kamar yadda na faɗa wa dattijon Aswan.

Allah Ya kiyaye matafiyanmu a tudu da ruwa, Ya saka wa wannan dattijo da jikansa da alheri. Amin.