Zamanin Dubagari

Duk wanda ya haura shekara sittin a garuruwanmu ya san yadda gida ke rikicewa idan yara suka rugo suna cewa ga dubagari nan. Nan da nan mata su hau shara, a kifar da kaskon da ruwa ya kwana a ciki, a rufe bakin masai, sannan maigida ya shigo da shi, da kakinsa da littafinsa a hammata, ya buɗe randa ya sa ludayi ya ɗebo ruwa, ya ɗaga shi wajen haske yana neman tsutsar sauro, ya leƙa rijiya, ya bi kwata har inda ta fita waje. In ya ga ƙazanta, sai sammaci gaban alƙali. Ba a ƙaunarsa, kuma akwai waɗanda ake toshe wa baki da sule biyu, amma dai ana shakkarsa.

Bayansa kuma akwai mai unguwa, wanda ba a haihuwa ko mutuwa bai sani ba. Idan agana ko sanƙarau ya ɓulla, shi ke kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, labari ya hau keke har ya isa En'e, a zo a ware majiyyaci a bayan gari, a yi wa maƙwabta lamba. Wasu kan ɓoye ɗansu a ƙuryar ɗaki don kada a tafi da shi, ciwon ya bi gidan ɗaya bayan ɗaya. 'Yan baya, ku dubi damtsen kakanninku, tabon lambar yana nan. Da wannan bin diddigi aka ga bayan agana a Nijeriya a 1970, duniya ta yi sallama da ita a 1980.

Haka aka yi da kurkunu. A 1988 an ƙirga mutum fiye da 650,000 da ke fama da shi a Nijeriya, aka ɗora wa mutumin ƙauye littafi yana rubuta duk ƙafar da ta yi ƙurji, har aka sa tukuici ga wanda ya kawo labari. Tun 2008 ba a sake ganinsa a ƙasar ba.

Ba na cewa da ta fi yau. Sanƙarau na 1996 ya ci rai sama da 11,000. Yanzu akwai hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC, akwai ɗakunan gwaji, akwai jami'in sa ido a kowace ƙaramar hukuma yana tura rahoto ta waya, har ruwan kwatar Kano ake ɗiba tun 2011 ana neman ƙwayar shan inna. Dubagari bai taɓa mafarkin wannan ba.

Amma yau mai unguwa bai san rabin mutanen unguwarsa ba.

Da mashaƙo ya ɓulla a Kano ƙarshen 2022, yaro zai kwana uku yana ciwon maƙogwaro, a je kemis, a kira wanzami ya cire beli, sai wuya ya kumbura numfashi ya sarƙe ake neman asibiti, alhali 'yan'uwansa da abokan makarantarsa sun riga sun shaƙa. Na'ura ba ta gwada abin da ba a kai mata ba. Jama'a, duk wanda ya ga baƙon ciwo ya kama mutum biyu ko uku a layinsu, ya sanar da asibiti mafi kusa a ranar, kada ya jira a yi jana'iza tukuna.